Majinyatana 'yan asalin Kanada ba sa sakin jiki da ni: amsa ga wata ma'aikaciyar jinya a Manitoba

Wata ƙanwata a aikin jinya ta aiko da tambaya. Shekararta ɗaya da 'yan watanni tana aiki a wani asibiti a arewacin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, inda yawancin masu zuwa 'yan asalin ƙasar ne, mutanen Cree. Ta ce tana gaishe su, tana yi musu aiki tsakani da Allah, amma ba sa sakin jiki da ita. In ta yi tambaya sai a yi mata shiru, wasu ba sa kallon idonta, wasu su sa hannu a takarda su fice tun likita bai sallame su ba, wasu kuma ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. An tura ta kwas na yini ɗaya a kan abin da ake kira aminci ta fuskar al'ada, ta fito ba ta ga abin da ya ƙara mata ba. Ta rufe da cewa: "Ni baƙar fata ce, baƙuwa ce, ban ƙwace ƙasar kowa ba, kuma kowa ɗaya na ɗauke shi. Me kuma ake so in yi?"

Ƙanwata, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Na yi ungozoma a gida shekaru masu yawa kafin in zo ƙasar nan, na kuma yi aikin lafiyar al'umma a garuruwa irin wanda kike, kuma tambayar da kika yi ni ma na taɓa yin ta da wannan zafin. Gaskiya kika faɗa, ba ki ƙwace ƙasar kowa ba. Amma tsohuwar da ke kwance a gado na uku ba tarihin gidanku take gani ba. Rigar aikinki take gani, da katin da ke rataye a wuyanki, da ginin da kike tsaye a ciki. Wannan riga da wannan gini suna da tarihi da danginta, kuma ranar da kika karɓi aiki kin gaji tarihin tare da makullin akwatin magani.

Bari in ba ki kaɗan daga cikinsa, domin kwas na yini ɗaya ba ya isa ya zaunar da shi a zuciya. Yaran 'yan asali kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana na tilas da gwamnati ke biyan kuɗinsu, coci-coci ke gudanarwa, inda ake dukan yaro in ya yi yaren uwarsa. Ta ƙarshe ba ta rufe ba sai a shekarun 1990. Ma'ana, akwai waɗanda kike auna wa hawan jini yau da suka kwana a waɗannan ɗakuna. Tsakanin 1942 da 1952 masu binciken gwamnati sun yi gwajin abinci a kan mutanen da ke fama da yunwa, har da yaran makarantun, kuma wani ɓangare na gwajin a nan arewacin Manitoba aka yi shi. Masanin tarihi Ian Mosby ne ya fito da takardun a 2013. An kuma yi asibitoci dabam na 'yan asali, yawancinsu don tarin fuka, inda ake tsare mutum shekaru. A can ƙuryar arewa jirgin ruwa ne ke zagaya garuruwan Inuit, 'yan asalin yankin ƙanƙara, a ɗauki hoton ƙirji, wanda aka ga tabo a huhunsa a wuce da shi kudu, wani lokaci ko sallama da iyali bai yi ba. Da yawa sun mutu can an binne su ba wanda ya gaya wa danginsu inda kabarin yake. Sai a watan Maris na 2019 firaminista Justin Trudeau ya je Iqaluit, garin Inuit a arewa, ya nemi gafara a kan wannan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Da a ce abin ya tsaya a zamanin kakanni, da da sauƙi. A watan Satumba na 2008 wani mutum mai suna Brian Sinclair, ɗan shekara 45, wanda aka yanke wa ƙafafu biyu, ya shiga sashen gaggawa na babban asibitin Winnipeg a keken guragu. Robar fitsarinsa ce ta toshe, ciwo ya shiga mafitsara, abin da ke da ni muka san aikin ɗan lokaci ne: a canja roba, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya zauna a ɗakin jira awa 34 ba wanda ya duba shi, ya mutu a kan kekensa. Da aka yi bincike, sai ya fito cewa masu wucewa ta gabansa sun ɗauka ko maye ya yi yana barci, ko marar gida ne ya shigo neman mafaka, ko an riga an duba shi an sallame shi. Ba wanda ya zage shi. Zato kawai aka yi masa, zaton ya kashe shi.

Shekara 12 bayan haka, ranar 28 ga Satumba 2020, Joyce Echaquan, 'yar al'ummar Atikamekw daga Manawan, mai shekara 37 da 'ya'ya 7, ta kunna wayarta a gadon asibiti a Joliette ta lardin Kebek, ta watsa kanta kai tsaye a Facebook tana kururuwar ciwo, ana jin ma'aikata suna zaginta. Ta rasu a ranar. An ɗauka 'yar ƙwaya ce da ƙishirwar ƙwaya ta taso wa, alhali ruwa ne ya taru a huhunta saboda ciwon zuciya. Mai binciken musabbabin mutuwa, Géhane Kamel, ta rubuta a 2021 cewa wariyar launin fata na cikin abin da ya jawo mutuwarta. A wannan shekarar ta 2020 wani bincike da gwamnatin lardin British Columbia ta sa aka yi ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na 'yan asalin da suka amsa tambayoyinsa sun ce an nuna musu wariya a wurin neman lafiya. Mutumin da kike ganin ya yi jinkirin zuwa asibiti ya san waɗannan labarai fiye da ke, kuma yana da nasa na gida a kai. Ga matan kuma akwai ƙarin tsoro biyu: na ɗaure mahaifa ba da cikakkiyar yardar mace ba, wanda wani bincike a Saskatoon ya tabbatar a 2017, da na ƙwace jariri. Har zuwa 2020 a Manitoba hukumar kula da yara kan aika wa asibiti sanarwa a ɓoye a kan mai ciki, ta haihu a ɗauke ɗan. Yaran 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran Kanada ba, amma sun fi rabin waɗanda ke hannun riƙon hukuma. In mai ciki ta ƙi gaya miki halin da gidanta ke ciki, ki tuna da wannan kafin ki rubuta komai a fayil.

Ke kin fi yawancin abokan aikinki damar gane wannan, in kin waiwaya gida. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara 200, aka yi ta shari'a a kai shekara da shekaru. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargi, ba a ci gaba a Kano ba sai tsakiyar 2004. Kin tuna yadda 'yan waje ke kwatanta mu a lokacin: jahilai masu ƙin ci gaba. Mu kuwa mun san ruwa ba ya tsami banza. Uwa tana tambaya, me ya sa maganin zazzaɓin da ke kashe mata yara sai ta saya, amma wannan ɗigon ana bin ta da shi har tsakar gida kyauta? Tambaya ce ta mai hankali. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, da matan unguwa waɗanda aka san gidajensu suna shiga gida-gida, da haɗa rigakafin da sauran magungunan da mutane ke buƙata, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020. Ban ce halinmu da nasu ɗaya ba ne. Mu muna da yawa a ƙasarmu, yarenmu na nan da ransa, likitocinmu 'ya'yanmu ne. Su kuwa kashi 5 cikin 100 ne na mutanen Kanada, a ƙasar kakanninsu. Amma ɗacin a zo maka da magani ana raina hankalinka, kin san shi.

Yanzu ga maganarki ta "kowa ɗaya na ɗauke shi". Haka aka koya mana a makarantar jinya, kuma da kyakkyawar niyya. Wadda ta fara warware wannan koyarwa wata nas ce Bamawuriya, wato 'yar asalin ƙasar Niyu Zilan, Irihapeti Ramsden. Ita ce ta kawo tunanin da suke kira kawa whakaruruhau da yarensu, wanda hukumar jinya ta ƙasar ta shigar cikin sharuɗɗan zama nas a 1992, kuma daga can kwas ɗin da aka tura ki ya samo sunansa. Abin da ta ce a taƙaice shi ne: an koya mana mu yi wa mutum jinya ba tare da duba ko shi wane ne ba, alhali kamata ya yi mu yi masa jinya muna duban duk abin da ya sa ya zama shi. Domin in kika ce kowa ɗaya ne, to ɗaya da wa? Tsarin asibitin an yanka shi ne daidai jikin wani: mai jin Turanci, mai mota, mai firji cike da abinci, wanda kakansa bai taɓa tsoron likita ba. Wanda rigar ba ta yi wa daidai ba sai a ce shi ne mai matsala.

Abu na biyu da ta ce ya fi na farko nauyi, kuma shi ne yawancin kwasa-kwasai ke tsallakewa. Ba ma'aikaci ne ke yanke hukunci cewa ya kula da mutum cikin mutunci ba, majinyaci ne da iyalinsa. Wannan ya juya madubin. Maimakon ki haddace jerin "al'adun 'yan asali", ki fara da taki al'adar da ta asibitin, da ikon da ke hannunki: ke ke riƙe da maganin ciwo, ke ke rubuta fayil, ke za ki iya kiran mai gadi, ke za ki iya kiran hukumar yara. Jerin al'adu ma yana da haɗari. A Kanada 'yan asali kashi-kashi ne: akwai waɗanda ake kira al'ummomin farko, irin su Cree, fiye da 600, ga Inuit, ga Metis masu tushe daga 'yan asali da Turawa, da yaruka fiye da 70. A gari ɗaya za ki samu mai bin addinin gargajiya, da Kirista mai tsananin riƙo wanda ba ya son ko jin ƙanshin turaren gargajiya, da wanda ya haɗa biyun. Ki ƙaddara wani ya yi kwas a kan "mutanen Najeriya" ya zo yana yi wa mahaifiyarki abin da aka ce masa ana yi a Kalaba. Tambayar mutum ta fi zato a kansa, ko da zaton na alheri ne.

Shirun da ke damun ki, bari in gaya miki yadda na koyi zama da shi. A shekarata ta farko an kawo mini wata dattijuwa mai ciwon suga, da gyambo a diddige. A fayil ɗinta an rubuta sau uku, da hannu dabam-dabam, cewa ba ta bin umarnin magani. Na tsaya a kanta da takarda ina jero tambayoyi, kina shan magani, sau nawa, me kika ci jiya. Tana kallon bargo. Duk tambayar da na yi, kafin ta buɗe baki na riga na jefo wata. Wakiliyar lafiya ta garin, mace 'yar asalin wurin, ta ja ni gefe ta ce in ajiye takardar, in jawo kujera, in gaya wa tsohuwar ko ni wace ce tukuna. Na zauna. Na ce mata daga wata ƙasa mai zafi na zo, na gaya mata sunan garinmu, na ce kakata ma suga ne ya ci ƙafarta. Sai na yi shiru. Ina jin agogon bango. Hannuna na ƙaiƙayi in ɗauki biro. Can, bayan lokacin da a wurina ya yi kamar shekara, ta fara magana, kuma da labarin jikokinta ta fara, su biyar da ke hannunta. A cikin labarin amsata take. Kuɗinta kan ƙare kafin ƙarshen wata, abinci a kantin garin yana da tsadar da ba za ki yarda ba sai kin gani, yara take fara ba. In ta sha ƙwayar ba ta ci komai ba sai jikinta ya kama rawa, gumi ya karyo, idonta ya rufe. Sau biyu ta faɗi. Sai ta daina sha a kwanakin da babu abinci. Sugarta ce ke faɗuwa, kuma abin da ta yi shi ne abin da mai hankali zai yi. Likita ya canja mata magani a ranar. Wata uku ana rubuta mata laifi a kan abin da zama na minti 20 ya warware.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Wa ke shiga gidan mutane ya fara da abin da ya kawo shi ba gaisuwa? Wace yarinya mai tarbiyya ke ƙura wa babba ido? Mun san mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan farinta, kuma ba mu ce ba ta son sa ba. Mun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin da ya faru shi ne horon asibiti ya cire mana wannan ya sa mana gaggawa. Ki dawo da tarbiyyar gidanku bakin gado: ki zauna kada ki tsaya a kan mutum, ki faɗi ko ke wace ce da inda kika fito, ki yi tambaya ɗaya ki jira, ki nemi izini kafin ki taɓa jiki ko gashi ko ƙaramar jakar da wasu ke ratayawa a wuya. In akwai tafinta ki kira shi, kada ki sa jika ya fassara wa kakarsa maganar mahaifa ko ta mutuwa. Kuma ki kula da alƙalaminki. Kalmomi irin su "ba ya bin umarni" da "mai neman ƙwaya" suna bin mutum daga asibiti zuwa asibiti, kuma irinsu ne suka riga Joyce Echaquan isa gadonta. Ki rubuta abin da kika gani da abin da ya ce, da dalilinsa.

Maganin gargajiya kuma, kada ki yi yaƙi da shi kuma kada ki rufe ido a kansa. Da yawa za su so a yi musu hayaƙin tsarkakewa da wasu ganyaye da ciyawa mai ƙanshi, ko a kira musu dattijo ya yi addu'a, ko dangi 20 su cika ɗaki in ajali ya matso. Yawancin wannan ba ya cutar da kowa, abin da yake buƙata shiri ne: ɗaki mai mafitar hayaƙi, a nisanta da bututun iskar oksijin, a sassauta dokar baƙi biyu. Abin da ake sha kuwa dole ki sani, domin ganye na iya karo da maganin tsinka jini ko ya wahalar da ƙoda. Hanyar sani ita ce tambaya ba da sigar tuhuma ba. Ni nakan ce, "A garinmu ma muna da namu saiwoyin. Akwai abin da kike sha daga gida, don in tabbatar ba zai yi faɗa da wannan ba?" Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake faɗa ba, zai dai ci gaba da sha a ɓoye. Hukumar gaskiya da sasantawa ta Kanada, cikin kiraye-kirayenta 94 na 2015, ta ware na 18 zuwa na 24 ga lafiya, kuma na 22 ya nemi a mutunta hanyoyin warkarwa na 'yan asali a yi aiki da masu su in majinyaci ya nema. Kina da abin kafa hujja in shugabar sashenku ta yi gardama.

Sai dai zan yaudare ki in na bar ki da tunanin cewa kyawun halin nas ɗaya zai gyara wannan. A duk inda na san an samu canji mai ɗorewa, abu ɗaya ne ya faru: mutanen sun karɓi ragamar asibitin da hannunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ki dubi haihuwa. Shekaru da yawa, har yau ma a wurare da dama, mace a garuruwan arewa in cikinta ya kai wajen mako 36 sai a sa ta a jirgi zuwa birni, ta zauna a masauki ita kaɗai makonni tana jiran naƙuda, yara a gida ba uwa, ta haihu cikin baƙi da ba sa jin yarenta. Ke da kika san yadda ake kewaye mai jego a gida, da wankan jego da kunun kanwa da dangi, ki auna wannan. A Puvirnituq ta yankin Nunavik da ke arewacin Kebek, matan Inuit suka ce ya isa. A 1986 aka buɗe ɗakin haihuwa na Inuulitsivik, aka fara horar da matan garin su zama ungozomomi a wurin, da yarensu, suna haɗa ilimin kakanni da na zamani. Ba su yi wasa da haɗari ba: kwamiti ne ke zama a kan kowace mai ciki a watannin ƙarshe, wadda ke da matsala a tura ta kudu, sauran su haihu a gida. Daga baya aka buɗe irinsa a Inukjuak da Salluit, kuma mafi yawan matan waɗannan garuruwa suna haihuwa a yankinsu, da sakamakon da masu bincike suka auna suka ga mai kyau ne. A Ostireliya ma, wani shiri a birnin Brisbane da ƙungiyoyin lafiya na 'yan asali suka haɗa hannu da wani asibitin haihuwa tun 2013, inda mace ke da ungozoma ɗaya da ta sani tun daga awo har haihuwa da ma'aikaciyar tallafi 'yar al'ummarta, ya rage haihuwar bakwaini sosai. Wannan ya nuna miki maganar ta wuce daɗin rai, ana ganin ta a nauyin jariri.

A Ontario, a 1988, maza biyar 'yan asali daga garin Sandy Lake suka yi yajin cin abinci a asibitin gwamnatin tarayya da ke Sioux Lookout saboda irin kulawar da ake yi wa mutanensu. Garin na da asibiti biyu a lokacin, ɗaya na 'yan asali ɗaya na sauran jama'a. An ɗauki shekaru ana tattaunawa, har aka haɗe su, aka buɗe sabon ginin Meno Ya Win a 2010, mai tafintoci da ɗakin ibadar gargajiya da kicin da ke dafa wa majinyata naman daji da kifin da suka saba ci. Duk wadda ta taɓa ganin tsoho ya ƙi cin abincin asibiti kwana huɗu, sannan aka kawo masa tuwo daga gida ya tashi zaune, ta san wannan magani ne.

Wanda aka fi ambata a duniya shi ne na Alaska a Amurka. Gidauniyar Southcentral, ta 'yan asalin yankin Anchorage, ta karɓi kula da lafiyar matakin farko daga hannun gwamnatin tarayya a 1998, ƙarƙashin jagorancin Katherine Gottlieb. Kafin su canja komai sai da suka tambayi mutanensu abin da suke so. Suka daina kiran mai zuwa majinyaci, suka koma kiran sa da sunan da ke nuna shi ne mai wurin kuma shi ake yi wa hidima. Kowane iyali na da tawaga ɗaya da ta san su, da likita da nas da mai ba da shawara kan damuwar zuciya a wuri guda, kuma mutum na iya ganin tawagarsa a ranar da ya kira. Akwai sashen masu maganin gargajiya a cikin tsarin. Sun kira shi Nuka, kuma sau biyu, a 2011 da 2017, ya ci lambar Baldrige, babbar lambar ingancin aiki ta Amurka. A Ostireliya tun 1971 aka buɗe asibitin farko da 'yan asali ke mulka a unguwar Redfern ta Sidni, yau irinsa sun haura 140. A British Columbia hukumar lafiya ta al'ummomin farko ta karɓi ayyukan da gwamnatin tarayya ke yi a 2013.

Hanyar ba a miƙe take ba, kuma ina son ki san haka don kada gwiwarki ta yi sanyi in kin ga an koma baya. Niyu Zilan ta kafa hukumar lafiya ta Mawurawa a 2022, sabuwar gwamnati ta rushe ta a 2024. A nan lardinki, Jordan River Anderson, yaro daga Norway House, an haife shi a 1999 da ciwo mai wuya, likitoci suka ce zai iya komawa zama a gida na musamman, amma gwamnatin tarayya da ta lardi suka tsaya jayayya kan wanda zai biya, har ya rasu a asibiti a 2005 yana ɗan shekara 5, bai taɓa kwana a gidan iyali ba. Majalisar dokokin Kanada ta amince a 2007 da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, cewa a fara yi wa yaro hidima sannan a yi rigimar kuɗi, amma sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a 2016 kafin a fara aiki da ita yadda ya kamata. Ki koyi yadda ake cike takardar neman wannan tallafi, domin za ki haɗu da yaron da keken guragu ko na'urar ji ke tsakaninsa da makaranta. Kuma akwai abin da asibiti ba ya warkarwa: tarin fuka a tsakanin Inuit ya ninka na haifaffun Kanada waɗanda ba 'yan asali ba kusan sau 300 a 2016, kuma cunkoson gidaje na cikin manyan dalilai.

Abin da ya fi wuya na bar miki a ƙarshe, domin na san matsayinki. Ke baƙuwa ce, wataƙila takardunki na zama ba su gama nuna ba, kuma ke ma an taɓa yi miki kallon da kika gane ma'anarsa. Wata rana a ɗakin shan shayi, ko wajen miƙa aiki, za ki ji abokiyar aiki ta ce, "Wancan ya sake dawowa, ka san halinsu." Za ki ji sha'awar yin shiru don ki zauna lafiya, wataƙila ma ki ji daɗin cewa yau ba ke ake nufi ba. Ba sai kin yi faɗa ba. Ki ce, "An auna shi? Bari in je in duba." Ki je ki auna zafin jikinsa da bugun zuciya da suga, ki rubuta da lokaci, in akwai abin damuwa ki kira likita ki rubuta cewa kin kira. In abin ya maimaitu, ki kai rahoto ta hanyar da asibitin ya tanada, ki kuma gaya wa majinyacin cewa yana da haƙƙin kai ƙara da inda ake kaiwa.

Sannan ki nemi wakiliyar lafiya ta garin, ko tafinta, ko matar da ta daɗe tana shara a sashenku in 'yar garin ce. Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata ke baƙuwa ce kina son ki koya. Ki roƙe ta ta koya miki gaisuwa da Cree; "tansi" suke cewa, ki fara da ita gobe da safe a gado na farko. In an yi rasuwa a garin kuma aka ce kina iya zuwa, ki je ki zauna kamar yadda za ki zauna a gidan makoki a gida. In an gayyace ki cin abinci, ki ci.